Idan mutum ya fice ana tsakiyar gwajin magani, yaya ake lissafin?

Duk wanda ya saba sayen magani a kemis, a Nima ne ko Aboabo ko Tamale, ya san tambayar da mai shago ke yi: "Orijinal kake so ko na Indiya?" Sai ya ɗora kwali biyu a kan kanta, ɗaya ya fi ɗaya tsada nesa ba kusa ba. Mai hawan jini da zai riƙa haɗiyar ƙwaya kullum har iya rayuwarsa, mai arahar zai ɗauka. Haka uwar da yaranta uku suka kwanta da zazzaɓin cizon sauro a mako guda. Amma kowa yakan koma gida da wasiwasi a ransa: anya wannan zai yi aiki kamar wancan?

Akwai gwajin da aka tanada domin amsa wannan tambaya. Bari in kira shi gwajin daidaito. Idan wa'adin mallakar wani magani ya ƙare, wasu kamfanoni sukan bi sahu su yi irinsa da sinadari iri ɗaya. Wannan halattaccen magani ne, kada a haɗa shi da jabu. Kafin a yi wa galibin irin waɗannan ƙwayoyi rajista, hukuma takan nemi shaidar cewa suna shiga jinin mutum daidai gwargwado da na asali. Amurka ta kafa dokar da ta buɗe wannan hanya a 1984, sauran duniya kuma ta bi.

Ni malamin lissafi da kimiyya ne a ƙaramar sakandare, ba likita ba. Na zauna na karanta ƙa'idojin da hukumomin magunguna suka wallafa a intanet, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙanƙantar gwajin. Mutum 12 ne mafi ƙarancin da ake yarda da shi, sau da yawa kuma mutum ashirin da 'yan kai ne ko talatin da wani abu. A aji mai yara 24, yaro ɗaya yana iya ɗaga matsakaicin maki ko ya kayar da shi. To haka ma a nan. Shi ya sa maganar wanda ya fara gwajin bai ƙarasa ba ta zama babbar magana.

Yadda gwajin yake tafiya

A ce an ɗauki mutum 24 masu lafiya, manya, waɗanda suka amince da kansu. Sai a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukunin farko su sha sabon maganin, rukuni na biyu su sha na asali. Sukan kwana a cibiyar gwajin, ba ci na aƙalla awa 8, da safe kowa ya haɗiye ƙwayarsa da ruwa daidai awo, a leƙa bakinsa a tabbatar ta wuce. Daga nan sai ɗibar jini kaɗan-kaɗan, sau 12 zuwa 18 ko fiye, wani lokaci har tsawon kwana uku.

Sai a sallame su su huta har maganin ya bar jikinsu. Ƙa'ida ta ce a jira aƙalla ninki biyar na lokacin da rabin maganin ke ɗauka kafin ya fita daga jini. Bayan hutun sai su dawo zagaye na biyu a yi musanya: wanda ya sha sabo ya sha na asali, wanda ya sha na asali ya sha sabo. Hikimar ita ce a auna kowane mutum da kansa, domin jikin Audu daban, na Tanko daban.

Abu biyu ake dubawa a jinin: jimillar maganin da ya shiga, da ƙololuwar da ya kai. Sai a kwatanta sabon da na asali a fitar da tazara, wato daga kaza zuwa kaza, wadda masu lissafi ke da tabbacin kashi 90 cikin 100 a kanta. Dole tazarar nan gaba ɗayanta ta zauna tsakanin kashi 80 da kashi 125. Mutane kan ji haka su ce ashe an yarda magani ya gaza da kashi 20. A'a. Tun da dukkan tazarar ce za ta shiga cikin shingen, tilas tsakiyarta ta kasance kusa da 100. Masu binciken hukumar magunguna ta Amurka sun taɓa tattara gwaje-gwaje 2,070 na tsakanin 1996 da 2007, suka tarar matsakaicin bambancin bai wuce kusan kashi 4 cikin 100 ba. Ga magungunan da ɗan ƙari ko ragi ke da hatsari, Turai takan matse shingen zuwa kashi 90 da 111.

Me ke sa mutum ya fice?

Dalilan irin na kowa ne. Wani ya yi amai. Wani gudawa ta kama shi. Wani ya yi mura a lokacin hutu ya sha wani maganin da zai dagula awo. Wani an yi masa rasuwa, wani ya samu aikin da ya fi kuɗin da cibiyar ke biya, wani ya gaji da allura kawai. Wani kuma maganin ne ya ba shi jiri ko ƙaiƙayi, likita ya ce ya isa haka.

Akwai ma maganar abinci. Wasu magunguna, kamar haɗin atimita da lumefantirin na zazzaɓin cizon sauro wanda muka fi sani da sunan Coartem, sun fi shiga jini idan an ci abu mai maiƙo. Gwajin da ake yi bayan cin abinci yakan buƙaci kalaci mai nauyi, mai kalori 800 zuwa 1,000, kusan rabinsa maiƙo, a cinye cikin minti 30. Misalin kalacin da hukumar Amurka ta bayar har da naman alade a ciki, amma ta yarda a musanya da wani abu mai nauyi iri ɗaya, don haka Musulmi ko wanda ba ya cin nama ba a tilasta masa. Duk da haka, ba kowane ciki ke ɗaukar wannan da sassafe ba.

Tsawon hutu shi ma yana kore mutane. Magani irin fiferakwin, wanda shi ma na zazzaɓin cizon sauro ne, yakan yi makonni a jiki. Idan aka ce mutum ya dawo bayan watanni, wa ya san inda zai kasance? Saboda haka ga irin waɗannan an yarda a yi zagaye ɗaya kacal, rukuni guda ya sha sabo, ɗayan ya sha na asali, sai dai hakan na buƙatar mutane da yawa.

Kafin komai, a riƙe wannan: mai shiga gwaji yana da 'yancin tashi ya tafi duk lokacin da ya ga dama, ba tare da an tsangwame shi ba. Wannan yana cikin Yarjejeniyar Helsinki da ƙungiyar likitocin duniya ta fara fitarwa a 1964, ana kuma sabunta ta har yau. Mu da muka san labarin gwajin Trovan a Kano a 1996 ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani kan muhimmancin yardar mutum. Ficewa ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne abin da masu lissafi za su yi da gurbin da ya bari.

Wanda ya rubuta takarda ɗaya

Idan yaro ya rubuta takarda ta farko bai zo ta biyu ba, ba zan iya cewa ya fi ƙoƙari a wacce ba. Haka ƙa'idar Turai ta 2010 ta tsara: a gwaji mai zagaye biyu, wanda bai ba da awon da za a iya amfani da shi a kan magungunan biyu ba, ba ya shiga lissafin kwatance. Ba a yi masa ƙiyasi, ba a ara masa lambar maƙwabcinsa.

Amma ba a share shi daga rajista. Dole rahoton ya faɗi wane ne ta lambarsa, yaushe ya fita, me ya fitar da shi. Idan an auna jininsa na zagayen farko, a jera sakamakon a rahoton ko da bai shiga jimla ba. Sannan a ɓangaren illolin magani ana ƙirga shi cif, tun da ya sha. Ku duba dalilin. A ce mutum huɗu sun fice, dukkansu bayan sun sha sabon maganin, dukkansu da amai. Wannan labari ne babba a kan maganin. Idan aka ɓoye su aka nuna ashirin ɗin da suka rage, an nuna wa hukuma waɗanda cikinsu ya ɗauka ne kawai.

Akwai tsarin da ke da sassauci. Ga magungunan da awonsu ke yawan hawa da sauka a jikin mutum guda, akan yi zagaye uku ko huɗu, mutum ya maimaita shan magani. A nan wanda ya rasa zagaye ɗaya, amma ya riga ya sha kowane iri, ana iya amfani da abin da ya bayar.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Ga ƙa'idar da na fi ganin nauyinta. Duk wani dalilin cire mutum daga lissafi dole a rubuta shi a kundin tsarin gwajin tun kafin a ba kowa ƙwaya. Hukuncin cire wani kuma dole a yanke shi kafin a auna jinin a ɗakin gwaje-gwaje, wato kafin kowa ya san wanda lambobinsa za su taimaki kamfani da wanda za su kayar da shi.

Mu malamai mun san dalilin wannan fiye da kowa. Wa bai taɓa jin makarantar da kan hana yara masu rauni rajistar BECE ba, a ce su maimaita aji ko su je su yi rajista a wani wuri, daga baya a kafa allo a bakin titi cewa kowa ya ci? Lambar da ke jikin allon gaskiya ce, amma an zaɓi waɗanda za a ƙirga bayan an ga makinsu na gwaji. Uban da ya kai ɗansa saboda allon nan an yaudare shi, ko da ba a yi masa ƙarya ko ɗaya ba.

A gwajin magani abin ya fi haka sauƙin yi. A ce an gama lissafi da kowa da kowa, ƙasan tazarar ta tsaya a 79, maki ɗaya ya rage a ci. Sai a duba a ga mutum na 17 ne ya ja ta ƙasa. Idan aka ba kamfani dama, sai a koma takardun jinya a tono cewa ai ranar ya ce cikinsa na murɗawa, a cire shi, tazarar ta koma 81. Miliyoyin kuɗi na rataye a kan maki biyun nan. Alhali wataƙila mutum na 17 shi ne wakilin dubban mutanen da sabon maganin ba ya narkewa da kyau a cikinsu. Saboda haka hukumomi ba sa karɓar cire mutum don kawai lambobinsa sun fita daban da na sauran.

Ko amai ma an yi masa ma'auni. A ƙa'idar Amurka, ga ƙwayar da ke narkewa nan take, ana cire awon mutum idan ya yi amai a cikin ninki biyu na lokacin da maganin ya saba kai ƙololuwarsa. Idan maganin yakan kai ƙololuwa a awa 2, aman da aka yi cikin awa 4 na farko shi ke fitar da mutum. Wanda ya yi nasa da daddare yana nan cikin lissafi.

Togaciya kaɗan ce ake ganowa bayan an auna jini, su ma an rubuta su tun farko da lamba. Ɗaya ita ce idan jinin da aka ɗiba kafin shan ƙwaya ya nuna ragowar magani fiye da kashi 5 cikin 100 na ƙololuwar mutumin a wannan zagayen, alamar na baya bai gama fita ba. Ɗayar kuma, a ƙa'idar Turai ta 2010, ita ce mutumin da aka ba shi na asali amma jininsa ya nuna ƙasa da kashi 5 cikin 100 na matsakaicin sauran, abin da ke nuna da wuya in ya haɗiye ƙwayar.

'Yan benci

To me zai hana a ajiye 'yan benci kamar a ƙwallo, in wani ya fita a sa wani? An daɗe ana yin haka: a ba mutum 28 magani, a auna jinin 24, a ajiye na huɗun a firji sai an buƙata. Turai ta hana wannan a 2010, sabuwar ƙa'idar haɗin gwiwa ta ƙasa da ƙasa mai suna M13A da aka amince da ita a Yulin 2024 ita ma ta hana. Duk wanda aka ba magani ya kammala, a ƙirga shi, ko an samu masu ficewa ko ba a samu ba. Dalili biyu ne. Benci yana buɗe ƙofar zaɓe. Sannan ba daidai ba ne a ɗibi jinin bawan Allah sau goma sha wani abu a zubar ba a amfana da shi ba.

Abin da aka yarda da shi shi ne a yi tanadi tun farko. Idan lissafi ya nuna ana buƙatar mutum 24, ana kuma tsammanin kashi 15 cikin 100 za su fice, sai a raba 24 da 0.85, a samu 28 da ɗoriya, a ɗauki 30 don rukunan biyu su yi daidai. In duk talatin ɗin sun kammala, a ƙirga talatin. In kuma ficewar ta yi yawa, sabuwar ƙa'idar ta yarda a ƙaro wani rukunin mutane, da sharaɗin an rubuta hakan a kundin tun farko, an kuma yi shi kafin a fara auna jini.

A lura, ficewar da ta faru tsakani da Allah kamfani take cuta. Mutane kaɗan, tazara mai faɗi, tazara mai faɗi kuma ta fi saurin taɓa shinge. Kafin a rage faɗinta da rabi sai an ninka mutane sau huɗu. Don haka magani mai kyau yana iya faɗuwa saboda mutane sun watse, amma da wuya mara kyau ya ci ta wannan hanyar. Wanda ke cutar mai saye shi ne cirewar da aka yi da ido a buɗe.

Idan rukunan suka karkace

Ga wani ɗan lissafi da ɗan aji uku zai iya bi. A ce a zagaye na biyu awon kowa ya hau da maki 10 saboda wani dalilin da bai shafi maganin ba, kamar sauyin yanayi. Rukunin da ya sha sabo da farko zai nuna kamar sabon ya gaza da 10. Rukunin da ya sha shi daga baya zai nuna kamar ya fi da 10. Idan 12 ne da 12, sai su kashe juna, a tashi babu bambanci, wanda shi ne gaskiya.

To a ce mutum uku sun fice, duk daga rukuni na biyu, saura 12 da 9. Wanda ya tara kowa ya raba da 21 zai samu ragin 120 da ƙarin 90, saura ragin 30, a raba da 21, kusan maki ɗaya da rabi na gazawar da babu ita. Hanyar da ta dace ita ce a fitar da matsakaicin kowane rukuni daban, sannan a haɗa biyun a raba biyu. Manhajojin da masana ke aiki da su haka suke yi. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a jefar da mutum uku daga rukunin farko wai don a daidaita. Wa zai zaɓi ukun?

An taɓa kamawa

Kada a ɗauka tsoron banza ne. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wasu magungunan ƙanjamau na kamfanonin Cipla da Ranbaxy daga jerin waɗanda ta tantance, bayan masu bincikenta sun tarar da matsala a bayanan gwajin daidaiton da cibiyoyin kwangila suka yi musu. Irin magungunan da ake rabawa a Afirka ne. Cipla ya sake gwaji, aka mayar da nasa kafin ƙarshen shekarar. Ranbaxy kuwa a 2013 ya amsa laifi a Amurka, ya biya dala miliyan 500.

A 2014 masu binciken Faransa sun gano an yi wasa da takardun awon bugun zuciyar masu shiga gwaji a cibiyar GVK Biosciences da ke Haidarabad ta Indiya, lamarin da ya sa Turai ta dakatar da nau'o'in magunguna kusan 700 a 2015. A 2016 kuma hukumar Amurka da Hukumar Lafiya ta Duniya suka sanar da cewa sun samu shaidar musanya jinin wani da na wani a cibiyar Semler da ke Bangalo. Waɗannan sun wuce maganar ficewa, amma tushensu ɗaya: wani ya samu damar taɓa bayanan mutanen gwaji ba tare da idon kowa ba. A batun GVK hukumar Turai ta ce ba ta ga shaidar magungunan sun cutar da kowa ba. Ta dakatar da su ne saboda hujjar da aka dogara da ita ta rushe.

Mu kuma fa?

Mai saye a kemis ba zai taɓa ganin waɗannan rahotanni ba. Ma'aikacin hukuma ne ke karanta su a madadinmu, shi ne zai ƙirga mutum nawa aka ba magani, nawa aka ƙirga, ina sauran, kuma wace rana aka sa hannu a kan cire su. Hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta kai mataki na uku a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020, ta biyu a Afirka bayan Tanzaniya, NAFDAC ta Najeriya kuma ta kai a 2022. Ma'anar matakin ita ce tsarin sa ido ya zauna da ƙafafunsa.

Amma duk wannan aikin yana kare wanda ya sayi magani mai rajista ne kawai. Ƙwayar da aka ɗauko a faranti a tasha, ko a jakar mai yawo a kasuwa, babu wanda zai ce maka an taɓa gwada ta a jinin kowa. Shawarata ga 'yan'uwa ita ce a saya a shago mai lasisi, a duba lambar rajista da ranar lalacewa. Mai araha mai rajista ba abin kunya ba ne. Wanda kuma yake shan maganin farfaɗiya ko na tsinka jini, kada ya sauya daga kwalin wani kamfani zuwa na wani sai ya gaya wa likitansa ko ƙwararren mai haɗa magani. In ka sauya ka ji jikinka ya canza, ka koma asibiti da kwalin a hannunka, domin irin wannan rahoton ne ke sa hukuma ta sake buɗe fayil.

Matasanmu kuma da wata rana za a iya gayyatarsu shiga gwaji irin wannan, su karanta takardar amincewa da kyau, ko a karanta musu da harshen da suke ji. In sun shiga, su faɗi gaskiyar duk abin da suka ji a jikinsu, ko amai ne ko wani maganin da suka sha a gida. In sun ga ba za su iya ba, ƙofa a buɗe take. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara wa masu ita.